Yadda Manhaja Ta Tashi Daga Kayan Saye Ta Koma Kayan Haya

Da wuya wata ya wuce ba a yi irin wannan labarin a duniyar fasaha ba. Wani kamfanin manhaja zai fitar da sanarwa cikin tattausan lafazi, ya ce domin ya ƙara kyautata wa masu amfani da kayansa zai sauya tsarin biyan kuɗi. Kafin rana ta faɗi mayun kwamfuta sun yi masa ca, wannan yana buga lissafi, wancan yana rantsuwa cewa daga yau an raba gari, wani kuma yana jero sunayen manhajojin kyauta da za a koma wa. Mako biyu ƙura ta lafa. Bayan wata uku kamfanin ya fito da rahoton cinikinsa, sai ka ga kuɗin shigarsa ƙaruwa ma ya yi.

Wanda yake kallo daga gefe zai ce ai ƙorafin tsada ne kawai, irin wanda kowa yake yi a kan komai. Ni ban yarda da haka ba. Mutumin da zai kashe dala dubu biyu a kan kwamfutar wasa bai yi ko gezau ba, shi ne zai kwana yana kumfar baki a kan dala goma ta wata-wata. Ashe ba yawan kuɗin ne ke ci masa rai ba. Abin da ke ci masa rai shi ne tambayar da ba a cika furtawa ba: wannan abin da nake biya, nawa ne ko na aro? Rigimar kuwa kimanin shekara hamsin ke nan ana yin ta, salo kawai take sauyawa.

Kafin a shiga tarihi, sai an fahimci abin da ya bambanta manhaja da sauran haja. Mai ƙera kujera, kowace kujera sai ya sayi katako, ya sayi ƙusa, ya ɓata yini. Farashinsa ba zai yi nisa da abin da ya kashe ba, don in ya tsuga kuɗi wani kafinta zai karya shi. Manhaja ba haka take ba. Kwafin farko shi ne mai cin dukiya: albashin ɗaruruwan masu rubuta ta na shekaru, gwaji, gyara, sake gwaji. Kwafi na biyu kuwa, da na miliyan goma, kusan a banza suke fitowa. Saboda haka tambayar nawa aka kashe wajen yin wannan kwafin da ke hannuna ba ta da amsa mai amfani. Farashin manhaja abu biyu yake bi. Na farko, iyakar abin da mai saye zai iya jurewa. Na biyu, wanda ya fi na farkon ƙarfi, irin wahalar da zai sha in ya ce zai bar ta ya koma wata.

Wannan na farkon shi ya haifi dabarar raba manhaja ɗaya gida-gida: ta ɗalibi, ta gida, ta ƙwararru, ta manyan kamfanoni. Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1849 wani injiniyan Faransa, Jules Dupuit, ya yi rubutu a kan dalilin da ya sa taragon fasinja mai daraja ta uku a jirgin ƙasa ba shi da rufi, kujerunsa kuma katako ne zalla. Ya ce ba kuɗin rufin ne ya gagari kamfanin jirgi ba. Ana takura wa talaka ne domin a tsorata mai hali, kada ya ga araha ya sauko daga daraja ta biyu. A 1990 kamfanin IBM ya yi irin wannan da firinta: ya ɗauki wadda take buga shafi 10 a minti ɗaya, ya ƙara mata wani ɗan sashe da aikinsa kawai ya rage mata gudu zuwa shafi 5, ya sayar da ita da rahusa. Wato sai da aka ƙara kashe kuɗi kafin a samu mai arahar. A manhaja abin ya fi sauƙi, domin sau da yawa kaya ɗaya ne ake ba kowa, sai a kulle wasu ɗakuna a ce mabuɗinsu sai an ƙara kuɗi. Mayen kwamfuta ya san ɗakin yana nan cikin na'urarsa, ya san kullewa aka yi da gangan, kuma wannan sanin shi ke hana shi barci.

A farkon zamanin kwamfuta ba a ma sayar da manhaja da kanta. Ka ɗauki injin IBM, manhajarsa ta biyo shi kamar yadda igiya ke bin guga. Sai a 1969, shekarar da gwamnatin Amurka ta maka kamfanin a kotu bisa zargin mamaye kasuwa, IBM ya raba kuɗin inji da na manhaja. Daga nan ta zama haja mai cin gashin kanta, amma a tsakanin manyan kamfanoni kawai. Wurin da abin ya zo kan talakan kwamfuta shi ne 1975, lokacin da aka fito da Altair 8800, wata 'yar na'ura da mutum zai saya ya harhaɗa da hannunsa. A Kalifoniya masu sha'awar irin wannan suka kafa ƙungiyar Homebrew Computer Club, inda Steve Wozniak, wanda daga baya suka kafa Apple da Steve Jobs, yake zuwa. Al'adarsu ita ce kowa ya kawo abin da ya gano a raba. To, sai manhajar BASIC, wadda ake rubuta wa kwamfuta umarni da ita, da Bill Gates da Paul Allen suka rubuta wa Altair ta faɗo hannunsu a kan zaren takarda mai huji-huji, suka yi ta kwafa suna miƙa wa juna.

A Fabrairun 1976 Gates, yana ɗan shekara 20, ya rubuta musu buɗaɗɗiyar wasiƙa. Bai ɓoye-ɓoye ba, ya ce yawancinsu satar manhaja suke yi. Ya ce ko kashi goma cikin ɗari na masu Altair ba su biya kuɗin BASIC ba, kuma in aka raba abin da suka samu da lokacin da suka ɓata, bai kai dala biyu a awa ba. Ya tambaye su wa zai iya yin aikin ƙwararru a banza. Su kuma suka ji abin kamar zagi. Wasu suka ce tsadar da aka sa ce ta jawo, wasu kuma maimakon cacar baki suka zauna suka rubuta tasu 'yar ƙaramar BASIC ɗin, suka wallafa ta kowa ya ɗauka, wani ma ya riƙa sayar da tasa dala 5. Abin da ke ba ni mamaki shi ne duk ɓangarorin biyu suna da gaskiya, kuma har yau ba wanda ya kayar da wani. Gates ya zama ɗaya daga cikin mafiya arziki a duniya da hujjarsa. Jikokin waɗancan masu rabon kuma su suka gina manhajojin da mafi yawan intanet ke tsaye a kansu.

Daga nan aka shiga zamanin kwali. Ka je kanti, ka ɗauko kwali mai faifai da littafin bayani, ka biya sau ɗaya, shi ke nan. A doka ko a lokacin lasisi ka saya, ba manhajar ba, amma wa ya damu? Faifan yana cikin durowarka, ba mai zuwa ya karɓe. Sai dai wannan tsarin yana da wata cuta da masu kewarsa ba sa son tunawa. Manhaja ba ta tsufa kamar takalmi. Wanda ya sayi ta bana, in tana yi masa aiki, me zai kai shi sayen ta baɗi? Babban abokin gabar kowane kamfanin manhaja shi ne tsohon kayansa da ke hannun mutane. Dole duk bayan shekara biyu ya ƙirƙiro wasu sababbin abubuwa, ko ana bukata ko ba a bukata, ya sauya wa maɓallai wuri, wani lokacin ma ya sauya tsarin fayil yadda tsohuwar ba za ta buɗe abin da sabuwar ta ajiye ba. Kuɗin shigarsa kuma kamar ruwan sama: shekarar da aka fito da sabon kaya a yi ambaliya, mai bi mata a yi fari. Masu zuba jari ba sa son haka. Sun fi son kuɗin da za a iya lissafa zuwansa tun kafin ya zo.

Kamfanin Salesforce, wanda aka kafa a 1999, ya nuna cewa ana iya ba kamfanoni hayar manhaja ta intanet. Amma wanda ya kawo abin har kan teburin mai zane da mai ɗaukar hoto shi ne Adobe. A watan Mayu na 2013 ya sanar cewa ba zai ƙara fito da sabon kwali ba. Sigar tarin manhajojinsa ta 2012, mai suna CS6, ita ce ta ƙarshe. Kafin nan Photoshop, manhajarsa ta gyaran hoto, ita kaɗai dala 699 ce, cikakken tarin manhajojin kuma kusan dala 2,600. Sabon tsarin, Creative Cloud, a lokacin dala 50 ne a wata ka samu duka. An yi ihu, dubban mutane sun sa hannu a takardar koke, kuɗin shigar kamfanin ma ya ɗan ja baya a shekarar, daga kimanin dala biliyan 4.4 zuwa biliyan 4. Sannan ya miƙe bai ƙara waiwaye ba: a 2024 ya haura dala biliyan 21. Ba hayar ce kaɗai ta kawo wannan ba, don ya sayi wasu kamfanoni a tsakani, amma duk masana'antar ta ga abin da ya faru, kowa kuma ya ɗauki darasi.

A yi wa tsarin adalci. Matashin da yake fara koyon zane, wanda a da ko ya haɗa dala 2,600 ko ya nemi kwafin sata, da aka kawo hayar a 2013 ya samu damar shiga da dala 50. Gyaran ɓaraka yana zuwa a kan kari, ba sai an jira sabon kwali ba. Kuma manhajar yau, wadda kullum take jone da intanet, tana bukatar mai tsaronta muddin ana amfani da ita, domin masu kutse ba sa hutu. Wanda ya biya sau ɗaya a 2012 yana kuma son a ci gaba da toshe masa ramuka har abada, shi ma yana neman aikin banza ne. Wanda tsarin ya cuta shi ne mai amfani jefi-jefi, da kuma wanda a da yake riƙe kwalinsa shekara shida ko bakwai bai sabunta ba. A farashin 2013, dala 600 a shekara, cikin shekara huɗu da 'yan watanni ya biya kuɗin tsohon tarin gaba ɗaya, kuma ranar da ya daina biya hannunsa wayam.

Nan ne gizo yake saƙar. Mai hayar gida in ya tashi, yakan kwashe kayansa ya tafi. Mai hayar manhaja, kayansa, wato aikin da ya yi shekara da shekaru, yana cikin wani tsarin fayil da manhajar ce kaɗai ta iya buɗe shi yadda ya kamata. A ƙarshen 2022 masu zane sun ga misalin da ba za su manta ba. Yarjejeniyar da ke tsakanin Adobe da Pantone, kamfanin da ke da lambobin launuka da maɗaba'u ke aiki da su, ta sauya, sai wasu suka buɗe tsofaffin ayyukansu suka tarar launukan sun koma baƙi, sai in za su biya wani kuɗin daban, kimanin dala 15 a wata. Hayar launi ke nan. A Yunin 2024 kuma gwamnatin Amurka ta kai Adobe kotu, tana zarginsa da ɓoye tarar da ake cin wanda ya fasa kafin shekara ta cika, wadda ta kai rabin kuɗin watannin da suka rage. Mutum yana ganin wata-wata yake biya, ashe yarjejeniyar shekara ya sa wa hannu.

Akwai wata hanyar, kuma an gwada ta. JetBrains, kamfanin Jamhuriyar Cek da ke yin kayan aikin masu rubuta manhaja, ya sanar da komawa tsarin haya a Satumban 2015. Abokan cinikinsa suka tayar da ƙayar baya, shi kuma ya saurara. Ya ce duk wanda ya biya wata 12 a jere, sigar da ake yayi lokacin da ya fara biya ta zama tasa har abada, ko ya daina. Kamfanin ya samu kuɗinsa na kullum, mai saye kuma in ya tafi ba ya tafiya hannu rabbana. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙa auna kowace sanarwar farashi da shi: ranar da na daina biya, me zai rage a hannuna? Amsar ta fi adadin kuɗin muhimmanci.

Wayar hannu kuma ta ɓata lissafin ta wata fuskar. Da Apple ya buɗe App Store a Yulin 2008, yana karɓar kashi 30 cikin ɗari na kowane ciniki, masu manhaja suka shiga tseren karya farashi har aka saba da santi 99. Mutane suka koyi cewa manhajar waya ko dai kyauta ce ko kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Shagon kuma bai tanadi hanyar da za ka sayar wa tsohon abokin ciniki sabuwar siga da rahusa ba, irin yadda ake yi a zamanin kwali. To, mutum ɗaya da ya rubuta 'yar manhajarsa, ya sayar dala ɗaya, aka cire kashi 30, kuma duk shekara sai ya gyara ta don ta dace da sabon tsarin wayar, da me zai rayu? A 2016 Apple ya rage kasonsa zuwa 15 a kan duk mai biyan haya da ya wuce shekara guda. An nuna wa kowa ƙofa ke nan. Shi ya sa yau za ka ga manhajar lissafi ko ta hasashen yanayi tana neman kuɗin mako-mako. Abin dariya ne, amma ba haɗama ce kaɗai ta kawo shi ba.

A gefe guda, akwai WinRAR, manhajar matse fayil, wadda ta zama abin barkwanci a tsakanin mayun kwamfuta. Kwana 40 ta ce za ka gwada ta kyauta. Kwana 40 ɗin su cika, ta fito da 'yar sanarwa tana roƙon ka biya, ka rufe sanarwar, ta ci gaba da aiki. Haka za ku yi ta yi shekara ashirin. Ana yi mata dariya, amma kamfanoni, waɗanda ke tsoron a kama su da manhaja marar lasisi, suna biya, kuma ga shi har yau tana raye. Wanda duk ya ce shi ya taɓa biya, sai a riƙa kallonsa kamar wani waliyyi.

Komawa kan maganar mallaka: kalmar "saya" da ke kan maɓallin shagunan intanet ita kanta ta zama abin tuhuma. A Yulin 2009 Amazon ya shiga na'urorin karanta littafi na Kindle da ke hannun mutane daga nesa ya goge wasu littattafan da suka saya, saboda wanda ya sa su a shagon ba shi da izini. Ya mayar musu da kuɗinsu, amma cikin littattafan har da 1984 na George Orwell, littafin da ke magana a kan hukumar da ke shafe abin da ba ta so. Ko da gangan aka shirya ba zai fi haka dacewa ba. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin wasanni Ubisoft ya kashe manyan kwamfutocin da wasan tseren mota The Crew ya dogara da su, wasan ya mutu a hannun duk wanda ya saya, har da masu faifai. Wannan ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, wanda ya tara sa hannu sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai. Jihar Kalifoniya kuma ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2025, cewa shago ba zai rubuta "saya" a kan kayan intanet ba sai ya bayyana wa mutum ƙarara cewa lasisi ne ake ba shi. Dokar ba ta hana a ƙwace ba. Ta dai ce a faɗa maka tun farko.

Ihun mayun kwamfuta yakan yi tasiri wani lokaci, kuma yana da kyau a duba yaushe. A Satumban 2023 Unity, wanda dubban masu haɗa wasanni ke aiki da injinsa, wato manhajar da ake gina wasa a kanta, ya ce zai fara karɓar har santi 20 duk lokacin da wani ya ɗora wasa a na'urarsa, in wasan ya wuce wani mizani na kuɗi da yawan masu saukewa. Abin da ya fi tunzura mutane shi ne sabon sharaɗin zai hau kan wasannin da aka riga aka fitar ƙarƙashin tsohuwar yarjejeniya. Cikin wata guda shugaban kamfanin, John Riccitiello, ya sauka, bayan shekara kuma aka soke kuɗin baki ɗaya. Me ya sa aka yi nasara a kan Unity, aka kasa a kan Adobe? Masu ihun nan su ne ainihin masu biya, ba 'yan kallo ba, kuma suna da wurin zuwa: ga injin Unreal, ga injin Godot na kyauta. Sabon wasa ana iya fara shi a kan wani injin. Ihu ba ya karya farashi sai in akwai ƙofar fita a buɗe, kuma kamfani ya ga ƙafafu sun fara nufarta.

Ƙofar da aka fi nunawa ita ce manhaja mai 'yanci. Richard Stallman ya fara aikin GNU, na gina irin wannan manhaja, a 1983, Linus Torvalds kuma ya fito da Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Manufar ita ce a ba ka asalin rubutun da aka haɗa manhajar da shi, ka karanta, ka gyara, ka raba. Turanci kalma ɗaya yake da ita, "free", ga abin da ba a biya da abin da ba a ɗaure ba, shi ya sa Stallman ya shekara arba'in yana bayanin wanne yake nufi. Mu Hausa ta hutar da mu: kyauta daban, 'yanci daban. Shi 'yanci yake nufi. Amma yawancin masu amfani, in za a faɗi gaskiya, kyautar ce ta kawo su.

Nan kuma sai na juyo kan mayun kwamfutar kansu, da manyan kamfanonin da ke cin moriyar wannan aikin. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin bayanai tsakaninka da ɗimbin shafukan intanet. Da aka bincika sai aka tarar gudummawar da aikin ke samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba, kuma masu kula da shi 'yan tsiraru ne. A Maris na 2024 aka yi wanda ya fi wannan ban tsoro. Wata 'yar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda take cikin kusan kowace na'urar Linux, mutum ɗaya ne yake ɗawainiya da ita a lokacin hutunsa, kuma ya gaji. Wani da ba a san ko waye ba ya shafe kusan shekara biyu yana taya shi aiki har ya samu amincewa, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ya gano, don kawai ya lura shiga wata na'ura ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, abin ya dame shi ya bi diddigi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan rashin biya ne ya yi ta. Tambayar da Gates ya yi a 1976 tana nan ba a amsa ta ba, sai dai yanzu waɗanda ba sa biyan sun haɗa da kamfanoni masu darajar tiriliyoyin daloli.

Ba wai ba a iya biya ba ne. A 2002, bayan kamfanin da ke da Blender, manhajar haɗa zane mai motsi, ya durƙushe, wanda ya ƙirƙiro ta, Ton Roosendaal na ƙasar Holan, ya nemi jama'a su haɗa yuro 100,000 a fanshi manhajar daga hannun masu jari. Cikin mako bakwai aka haɗa. Yau tana da asusun da mutane da kamfanoni ke zuba wa kuɗi duk wata, ana biyan ma'aikata albashi, kuma a 2025 wani fim ɗin zane daga Latbiya da aka yi da ita ya ci kyautar Oscar. Ka lura, ita ma biyan wata-wata ne ke riƙe da ita. Bambancin shi ne in ka daina bayarwa ba a kulle maka komai.

Sai ga ƙirƙirarriyar basira ta zo ta birkita harsashin da duk wannan bayanin ya tsaya a kai. Na ce kwafi na biyu a banza yake fitowa. A nan ba haka ba ne. Duk tambayar da ka yi wa ChatGPT ko makamancinsa, wasu injuna masu tsadar gaske ne a wata cibiya suke aiki, suna shan lantarki, suna bukatar sanyaya. Mai yawan amfani yana jawo wa kamfani asara ta zahiri. OpenAI, kamfanin da ke da ChatGPT, ya sa dala 20 a wata a Fabrairun 2023, ya ƙaro wani tsarin na dala 200 a Disamban 2024, kuma bayan wata ɗaya shugabansa Sam Altman ya fito ya ce asara suke yi a kan na dala 200 ɗin, don mutane suna amfani da shi fiye da yadda aka zata. Manhaja ta fara kama da wutar lantarki, abin da ake sa wa mita. Ina kyautata zaton farashin da ake gani yanzu na jawo ciniki ne, kuɗin masu zuba jari ke cike giɓin, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Wa zai biya? Ɗaya daga cikin amsoshin ta bayyana a Janairun 2025, lokacin da Microsoft ya cusa Copilot, ƙirƙirarriyar basirarsa, cikin Microsoft 365 na mutum ɗaya, wato tarin manhajojinsa na ofis, ya ɗaga kuɗin a Amurka daga dala 6.99 zuwa 9.99 a wata, ko kana son basirar ko ba ka so. Akwai tsohon tsarin, marar Copilot, a kan tsohon farashi, ga wanda ya riga yana biya. Sai dai mutane da yawa ba su gan shi ba sai da suka danna maɓallin fasawa, a nan ne ya leƙo. A Oktoban 2025 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Ostireliya ta kai kamfanin kotu a kan wannan, tana cewa an ɓoye wa miliyoyin mutane zaɓi na uku, bayan biyan sabon farashi ko fasawa.